Amitriptyline ya kashe min zafin ƙafa, amma da sauran magana

Duk mai ciwon suga da ya kai ga zafin tafin ƙafa ya san abin da nake nufi: dare na yi, sai ka ji kamar an shafa maka barkono a ƙarƙashin fata. Ni tela ne a Sabon Gari, da ƙafar nake taka keke. Paracetamol da diclofenac duk na sha, ko gezau.

Likita ta rubuta min amitriptyline, miligiram 25 da dare. Na kai takardar wani kemis, yaron shagon ya duba, ya ɗaga murya a gaban mutane: "Baba, ai wannan na masu ciwon damuwa ne, lafiya dai ko?" Har wata mata ta waiwayo tana kallona. Wallahi raina ya ɓaci. Ka ba mutum magani ka rufa masa asiri, ina ruwanka da tambaya? Haka na koma wurin likitar ina huci, na ce Dakta, ƙafa na kawo miki, ba kai ba.

Ta yi dariya ta zaunar da ni. Ta ce a gindin ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da lakar baya, akwai wani gungun jijiyoyi da ake kira raphe magnus, masu sakin sinadarin serotonin. Suna aika saƙo ƙasa cikin laka, su rage ƙarfin zafi tun kafin ya hau kai. Maganin yana hana serotonin da wani sinadarin makamancinsa, noradrenaline, saurin komawa cikin jijiya, sai aikin rage zafin ya daɗe. Tun 1969 ma wani mai bincike, David Reynolds, ya sa wa ɓeraye 'yar wutar lantarki a wani wuri sama da nan kaɗan, aka yi musu tiyatar ciki ba tare da allurar barci ba. Kuma abin da ake bayarwa don ciwon damuwa ya ninka nawa sau da yawa.

Bai yi aiki nan take ba, sai da aka ɗauki makonni. Amma ranar da na kwana har asuba ban tsoma ƙafa a bokitin ruwa ba, na yi hamdala.

To, sai bushewar baki. Miyau ya ƙafe, harshe ya yi nauyi, da azumi kuwa abin ba a magana. Ga nauyin jiki da safe, sai hantsi nake wartsakewa, ɗinkin mutane na jira. Bayan gida ma sai da ƙyar. Wani a majalisa ya ce in haɗa da tiramol in samu kuzari; likita ta hana sam, ta ce shi ma serotonin yake ɗagawa, haɗin na iya jawo jijjiga.

Ina sha har yanzu, na dai dawo da shi tun bayan magariba. An ambata min wani maganin zafin jijiya, duloxetine, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin tela.