Da'ira da alwatika, ko ganye da gajimare: da wanne za a fara wa yaro?

Hajiya, kin tambaya da wanne za ki fara wa 'yarki mai shekara 4 a zane: siffofin lissafi irin su da'ira, murabba'i da alwatika, ko siffofin halitta irin na ganye da gajimare.

Na lissafi kowacce da sunanta da ƙa'idarta. Murabba'i gefe huɗu ne daidai wa daida, alwatika kusurwa uku, in aka ƙara ɗaya ta tashi daga alwatika. Shi ya sa suke da daɗin koyarwa: a nuna, a ƙirga, a faɗi suna. Misalai kuwa ga su nan birjik a Jidda. Ku shiga Balad da yamma, unguwar da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2014, ta ɗaga kai ta kalli rawashin, tagogin katakon nan na tsofaffin gidaje, ta ƙirgo miki murabba'i nawa ne a taga guda. Ki nuna mata kuma hoton adon bangon da matan yankin Asir na kudancin Saudiyya ke yi, jerin alwatika da layuka masu launi a kan farin bango. Da yankakken kwali da gam za ta kwaikwaye shi tsaf.

Inda gizo ke saƙa shi ne hannu. Yawancin yara kan iya kwaikwayon da'ira wajen shekara 3, murabba'i wajen 4, alwatika kuwa sai kusan 5, domin layin da ya karkata ya fi miƙaƙƙe wuya. Idonta ya gane, yatsun ne ba su kai ba tukuna. In kika matsa mata, ƙarshenta kuka ne da yaga takarda.

Na halitta ba su da wannan rigimar. Ganyen na'ana'a biyu ma ba sa zuwa iri ɗaya, don haka babu zancen "kin ɓata". Ta ɗora ganye ko tafin hannunta a takarda ta bi gefensa da fensir, ko ta kwafi furen lallen da ke hannunki. Rauninsu dai ba su da abin ƙirgawa, ba za su taimaka mata sosai a lissafin rauda, wato makarantar yara ta kafin firamare, ba. Ga masu gudun hoton mai rai, duka biyun ba su kai ku can ba.

Ni a ganina, ki bar hannunta ya fara da na halitta, ido da baki kuma su riƙa koyon na lissafi tun yanzu. Takarda ɗaya ma ta ishe su: ke ki yanka murabba'i ya zama tukunyar fure, ita ta liƙa, ta zana ganyayen yadda ranta ke so. Almakashin da za ta taɓa ya zama na yara, mai dakusasshen baki.