Wata takwas da sola a kan rufina

Ranar da ma'aikacin kamfanin sola ya fara zuwa, na ɗauka tsani zai nema ya hau rufi. Ashe da biro da takarda ya zo. Ya bi gidan ɗaki-ɗaki yana leƙa bayan kowace na'ura, yana rubuta wat nawa take ci da awa nawa take yi a kunne. Da ya gama ya ce muddin ban rage cin wuta ba, sai na ninka batirin da na yi niyyar saye. Raina ya ɗan sosu, don ni sola na nema, ba wa'azi ba.

Amma da gaskiyarsa. Ƙwan fitila 14 ne a gidan, tsofaffin nan masu wat 60. Muka sauya su da LED masu wat 9, haske bai ragu ba, nauyin sama da wat 700 ya sauka, kusan ƙarfin farantin sola biyu ke nan. Tsohon firjinmu da robar ƙofarsa ta saki shi ma aka sallame shi.

Sun ɗora faranti takwas masu wat 400, da inbata mai juya wutar batiri ta zama irin wadda kayan gida ke ci, da batirin lithiyam. Batirin ya ji wa aljihuna, sai dai batirin dalma ba a son a zuƙe fiye da rabin cajinsa, shi kuwa wannan ana shan kashi 80 cikin ɗari lafiya lau. Wayoyin duk cikin bututu suke, aiki tsaf.

Inda suka ba ni haushi shi ne inuwa. Faranti ɗaya suka kafa dab da tankin ruwa, da la'asar inuwa ta rufe shi, kuma da yake a jere aka haɗa su, sai ya ja 'yan'uwansa ƙasa. Mako uku ina buga waya ana ce mini gobe kafin su zo su matsar da shi. Ba wanda ya gaya mini kuma cewa wat 400 ɗin nan a zafin digiri 25 na ma'aunin Celsius aka gwada shi, faranti na yin zafi ƙarfinsa ke raguwa. Ƙura ma haka, shi ya sa nake hawa in wanke su da sassafe.

Gugar kaya da jan ruwa sun koma tsakar rana, lokacin da wutar ke zuwa kai tsaye daga rufi. Uwargida ta saba da wannan. Abin da har yau ba ta yafe ba shi ne ƙarar fankar inbatar da suka liƙa a bangon ɗakin kwananmu.