Hawa Manakamana: a ƙafa ko a keken waya?

Haikalin Manakamana na mabiya addinin Hindu yana bisa dutse a gundumar Gorkha ta ƙasar Nepal, kogin Trishuli yana gudana a ƙasansa. Tun 1998 akwai keken da ke rataye a wayar ƙarfe daga garin Kurintar zuwa haikalin: kilomita 2.8, kusan minti 10 ka isa. Har awakin da ake kaiwa yanka a haikalin suna da nasu akwatin, kuma biya musu ake yi. Damuwar keken dogon layi, musamman ranar Asabar da lokacin Dashain, babban bikin mabiya Hindu a Nepal.

A ƙafa kuwa, daga garin Abu Khaireni, sa'o'i uku ne ko fiye, ta ƙauyuka da gonakin lemo. Ba kuɗin tikiti, amma gwiwa za ta ji jiki, da damina ga santsi. Mai tafe da tsoho ko yara, ya hau keken kawai.