Vaseline Blue Seal ga yara masu ekzima: ra'ayina bayan mun sha hunturu da shi

Iyaye mata 'yan uwana, in dai yaronki na fama da bushewar fata da ƙaiƙayin nan na ekzima, to ni dai a cikin duk mayukan da na gwada babu wanda ya kai Vaseline Blue Seal ɗin nan, Original nake nufi wanda ba shi da ƙamshi ko kaɗan, basilin ɗinmu dai da muka sani tun muna yara. Amma fa ba magani ba ne, ba ya warkar da ciwon, aikinsa ya riƙe danshi a fata kar ta tsage, shi ke nan.

'Yata tun tana jaririya abin ya fara mata a kumatu, da ta yi wayo sai ya koma lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwar ƙafa, gurin ya yi duhu ya yi kaushi kamar an barbaɗa toka, cikin dare kuwa susa take har sai ta fitar da jini, wallahi ranar da na ga ɗigon jini a zanin gado ban iya komawa bacci ba. Likitar fata ce ta ce mana ba makero ba ne ba kuma ƙazuwa ba, ba a ɗaukarsa, yawanci yana bin gidan da ake da asma ko yawan atishawa, kuma yara da yawa yana raguwa in sun girma.

Yadda ake shafa shi ne duk sirrin. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba mai zafi ba, minti 5 zuwa 10, ba soso, ba sabulu mai ƙamshi, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta da muke son ɗigawa a bokiti. Ki ɗan daddanna ta da tawul kar ki goge, sannan tun jikin da sauran lema, cikin minti 3 haka, ki shafa da yawa kina bin yadda gashi ya kwanta. Safe da dare aƙalla, a hunturu kuwa nakan ƙara da rana don iskar Kano ta Disamba da Janairu ba ta barin komai a fata. Da cokali mai tsabta nake ɗebowa, ba na tsoma yatsa a robar, don kar in kai datti inda fatar ta riga ta buɗe.

Lokacin da abin ya tashi sosai basilin kaɗai bai isa ba, sai da aka rubuta mana maganin shafawa hydrocortisone 1% na 'yan kwanaki a guraren da suka yi tsanani. Don Allah kar ki je kemis ki karɓo mayukan nan da ake haɗa magani uku a bututu ɗaya ki dinga shafa wa yaro, akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wato sinadarin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, zai lafa nan take ya dawo, fatar kuma ta yi siriri ta yi haske. Ina ganin mata na yi wa jarirai haka raina na ɓaci.

Abin da ban so a Vaseline: maiƙo. Yana ɓata kaya, ƙura na manne wa yaro in ya fita tsakar gida, kuma da zafi ya shigo wajen Maris zuwa Mayu in kin labta da yawa sai ƙurajen zafi su biyo baya, lokacin kaɗan-kaɗan nake sawa da dare kawai. Man kaɗanya ma na gwada, yana da kyau ya fi shiga jiki, matsalar wani na kasuwa akwai tsaki-tsaki a ciki wani kuma an gauraya shi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, kayan da suka sha mai suna saurin kama wuta, to ki nesanta yaron da kaskon gawayi da na turaren wuta. Turaren ma kansa da humra suna tayar wa tawa da ƙaiƙayi, haka rigar sanyi mai gashi-gashi, sai na fara sa mata ta auduga a ciki. Farce kuma kullum a yanke.

Wajen saya ki duba lambar NAFDAC da murfin, ki shinshina, don jabu ya yi yawa. In kuwa kika ga gurin na tsatsafo ruwa, ko ɓawo rawaya, ko zazzaɓi ya shiga, ajiye robar ki wuce asibiti, mu a Kano asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin Malam Aminu Kano.