Kafin ka biya kuɗin manhajar gano bayanan da aka maimaita a Active Directory

A Maradi, inda ofis guda kan tara Mamane uku da Sani huɗu, ba wuya a wayi gari ma'aikata biyu sun haɗa adireshin imel ɗaya ko lambar aiki ɗaya a Active Directory, wato kundin Microsoft da ma'aikata ke ajiye sunaye da bayanan masu amfani da kwamfutocinta. Na ga yadda abin ke ciwo a wata ma'aikata: takardar albashin wani dattijo ta faɗa akwatin takwaransa, har yau yana jin kunyar maganar.

Idan ma'aikatanka ba su wuce ɗari biyu ko uku ba, fitar da bayanan da csvde (umarnin Windows mai kwafo bayanan kundin zuwa fayil), ka buɗe su a Excel, ka sa ya shafa wa masu kama launi. Ba ka kashe ko dala ba. Sai dai Excel yana tuntuɓe a kan proxyAddresses, wato gurbin adireshin imel na kowane mutum, domin mutum ɗaya kan riƙe adireshi da yawa cunkushe a gurbi guda.

Ni PowerShell, wato manhajar rubuta umarni ta Windows, na fi amincewa da shi. Umarnin Get-ADUser ya kwaso mutanen, Group-Object ya tara masu bayani iri ɗaya, ka tace duk rukunin da ya haura ɗaya. Group-Object bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da umarnin sort da uniq na Linux suna ɗaukar Sani da sani a matsayin mutum biyu. Idan matsalar ta SPN ce, wato sunan da ake gane wata hidima ta kwamfuta da shi a kundin, umarnin setspn -X kaɗai ya wadatar.

Mai shirin haɗa kundinsa da Microsoft 365 kuwa, IdFix na Microsoft kyauta ne, don wannan aikin aka yi shi. Amma a yi hattara, ba nunawa kawai yake yi ba, yana iya gyarawa a cikin kundin kai tsaye. Kar ka amince da shawararsa sai ka duba layi-layi.

Na kuɗi, irin su ADManager Plus, suna da rahoto mai kyan gani da bincike a kan kari. Sun dace da banki ko kamfani mai rassa har Zinder da Yamai. Ƙaramin ofis da ke fama da kuɗin man janareta in NIGELEC ta ɗauke wuta, ban ga dalilin ya ɗora wa kansa lasisin shekara-shekara ba.

Masu amfani da OpenLDAP, wani kundin kyauta mai aiki irin na Active Directory, su kunna ɓangarensa mai suna slapo-unique. Yana hana sabon maimaici shiga, amma wanda ya riga ya kwana a ciki, sai ka bi shi da hannu.