Ajiya ɗaya-ɗaya ko a dunƙule? Amsa ga mai manhajar rabon taki

Wani ɗan'uwanmu da ke ƙauye a yankin Auyo ya kawo tambaya. Ya rubuta wa ƙungiyar manoman shinkafarsu manhajar intanet da Django (kayan aikin gina irin waɗannan manhajoji), wadda ake ba mambobi taki bashi da ita har zuwa girbi. Duk sanda manomi ya ɗauki buhu, abu uku ake rubutawa a rumbun bayanai: a rage buhunan sito, a ɗora masa bashi, a fitar da rasit. Wata rana aka wayi gari sito ya ragu, bashin kuwa bai hau kan kowa ba. Shin ya ci gaba da kiran save(), umarnin ajiye bayani a rumbun, bayan kowane canji, ko ya haɗa su cikin taransakshan guda, wato aiki ɗaya da ko dai ya tabbata gaba ɗaya ko a fasa shi gaba ɗaya?

Malam, ka haɗa su.

Hanyar da kake kai yanzu ita ce Django ke bi idan ba a gaya masa komai ba: kowane save() yana tabbata nan take. Tana da sauƙi, kuma idan abu guda za ka taɓa, kamar gyara lambar wayar manomi, ta isa. Matsalarta tana tsakanin ajiya ta farko da ta biyu. Kuskure ya ɓulla a lissafin bashi, ko sabar (kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta) ta mutu, ko alaƙa da rumbun ta yanke; ragin sito ya riga ya zauna, babu mai mayar da shi. Ranar biya ta zo, manomi ya ce ba a binsa komai, littafi ya ba shi gaskiya, zargi ya koma kan yaron da ke riƙe da makullin sito. Wannan ne ya fi damuna, don mutum ake ɓata wa suna a garinsu kan laifin da bai yi ba.

A ɗaya hanyar, za ka sa canje-canjen uku a ƙarƙashin transaction.atomic(), umarnin Django na buɗe taransakshan.  Rumbun zai riƙe su a matsayin aiki ɗaya: idan duk sun yi daidai a yi COMMIT, wato a tabbatar da su, idan ɗaya ya gaza a yi ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. Kamar cinikin kasuwar Hadejia ne, ko dai kuɗi da kaya su sauya hannu tare, ko a fasa kowa ya riƙe nasa. Ko wuta ce ta ɗauke, PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, yana fara rubuta canji a wani kundinsa da ake kira WAL, da ya tashi sai ya tabbatar da abin da aka kammala, ya watsar da na rabi. Wannan tabbaci yana cikin sharuɗɗa huɗu na taransakshan da masana kwamfuta Härder da Reuter suka sa wa suna ACID a 1983. Tsadarta kaɗan ce: layukan bayanan da ka taɓa a rumbun suna kulle har ka gama, don haka kada ka daɗe a ciki.

Abu biyu na iya sa ka yi aikin banza. Idan rumbun bayanai na MySQL kake amfani da shi, duba tsarin ajiyar teburanka InnoDB ne ko MyISAM, domin MyISAM ba ya mayar da abin da aka rubuta. Sannan idan ka kama kuskuren lissafi da except (umarnin kama kuskure) a cikin atomic ka yi shiru, Django zai ɗauka lafiya aka gama, ya ajiye rabin aikin.

To, akwai abin da taransakshan ba ya warkarwa, kuma a ƙauye nan ne aka fi shan wahala. Idan wayar akawu saƙo uku take aika wa sabar, ɗaya na sito, ɗaya na bashi, ɗaya na rasit, sabis ya ɗauke bayan na farko, atomic ba zai cece ka ba. Ka aika bayanan cinikin a saƙo guda, sabar ta raba su a can. Haka nan akawu zai danna maɓalli, shafi ya tsaya cak, ya sake dannawa, a rubuta wa bawan Allah bashi sau biyu. Maganinsa shi ne kowane ciniki ya taho da lambarsa tun daga waya, ka sa wa rumbun sharaɗin kada lamba ta maimaitu.

Sai batun akawu biyu a ranar rabo. Buhu biyar ya rage, kowannensu ya karanta biyar, kowa ya bayar da huɗu. PostgreSQL a tsarinsa na asali, READ COMMITTED, ba zai hana wannan ba ko da kana cikin taransakshan. Ka kulle layin sito da select_for_update() kafin ka karanta adadin, na biyu ya jira na farko ya gama. Idan kana aika wa manomi saƙon tes, ka sa shi a transaction.on_commit(), wanda ba ya gudana sai cinikin ya tabbata, don saƙon da ya fita ba ya dawowa ko an fasa cinikin.

Kafin ranar rabo ta gaba, ka jefa kuskure da gangan tsakanin ragin sito da rubuta bashi a kwamfutarka ta gwaji, ka duba ko adadin buhunan ya koma yadda yake.