Kyamarar Ɗaukar Jirgin Ƙasa Mai Tururi: Ina Ya Kamata Kuɗinka Ya Tafi?

Wanda ya taɓa tsayawa a gefen layin dogo da sanyin safiya, ya ji ƙasa na rawa tun kafin kan jirgi ya ɓullo daga kwana yana aman tururi, ya san abin da ke sa dattawa a Ingila da Jamus su kwashe rabin yini a kan tudu saboda hoto ɗaya. A wajenmu jirgin tururi ya zama labari. Shi ne ya fara shiga Kano a 1911, amma dizal ya kore shi tuntuni, saboda haka mai wannan sha'awa sai ya yi tafiya. Tun da kuɗin kyamara da kuɗin tikiti daga aljihu ɗaya za su fito, gara a yi lissafi kafin a shiga shago.

Abin da mai shago ba zai gaya maka ba shi ne, yawancin jiragen nan ba sa gudu sosai. A Birtaniya an daina jigilar yau da kullum da tururi a watan Agusta na 1968, kuma layukan tarihi da masu sa-kai ke riƙewa, irin su North Yorkshire Moors tsakanin Pickering da Grosmont, galibi ba a yarda su wuce mil 25 a awa ba, wato kusan kilomita 40. Ƙaramin jirgin Darjeeling na Indiya ma bai kai haka ba, rarrafe yake yi a gefen titin mota. Duk kyamarar da za ta iya buɗe ido ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa za ta tsayar da su cak a hoto. Sai idan kana bin irin su Flying Scotsman, shahararren kan jirgin tururi na Birtaniya, a babban layi, inda ake barin su kai mil 75 a awa, nan ne za ka so kashi ɗaya bisa 1000.

Wahalar tana wajen haske. Kan jirgi sau da yawa baƙi ne wuluk, tururin da ke kansa fari fat, kuma kana son duka biyun su fito da kamanninsu a hoto guda. Idan kyamara ta bi baƙin, tururin ya ƙone ya zama farar takarda. Idan ta bi farin, ƙafafun jirgi da sandunan da ke juya su sun nutse cikin duhu, alhali su ne abin kallon. Wannan ya sa tambayata ta farko ga kowace kyamara ita ce: tana ajiye hoto a tsarin RAW? Shi ne ɗanyen hoton da ba a matse ba, wanda za ka iya janyo abin da ya ɓuya a inuwa daga baya a kan kwamfuta.

Waya fa? Ba na raina ta. A tasha, lokacin da ake ɗura wa jirgi ruwa ko mai wuta na zuba kwal, waya mai kyau ta wadatar, kuma ba ta tsorata mutane. Matsalarta nisa. Da zarar ka janyo abu da yatsu biyu, hoton ya fara dagulewa, sannan gyaran da take yi da kanta kan mayar da hayaki kamar an shafa fenti.

Zaɓin da na fi ba mai farawa shi ne DSLR ta hannu, wato kyamara mai madubi a ciki wadda ake sauya wa gilashi. Nikon D7200 ta 2015 tana da megafiksel 24, tana ɗaukar hoto shida a daƙiƙa. Canon 80D ta 2016 ita ma 24 ce, tana ɗaukar bakwai. Ga jirgin da ke tafiyar kilomita 40, wannan ya yi har da saura. Batirinsu na daɗewa, kuma tun da kamfanonin suka koma ƙera sababbin kyamarori marasa madubi, gilasan tsofaffin sun cika kasuwa. Amma kayan hannu sai da ido. Ka nemi a nuna maka yawan hotunan da kyamarar ta ɗauka a rayuwarta, ka ɗauki farin bango ka duba ko akwai ɗige-ɗigen ƙura, ka haska tocila cikin gilashi ka ga ko fumfuna ta yi saƙa a ciki. Mai kaya ya hana ka gwadawa, ka yi gaba.

Marasa madubi suna da abu biyu da ke jan hankali. Na farko, tun kafin ka danna kana ganin yadda hasken hoton zai fito, wanda ba ƙaramin taimako ba ne ga matsalar baƙi da farin nan. Na biyu, wasu sun san jirgin ƙasa da kansu. Olympus ta sa wannan a kyamararta E-M1X tun 2019, sannan Fujifilm X-T5 ta 2022 da Sony a6700 ta 2023 duk suna gane kan jirgi su bi shi. Abin sha'awa ne, sai dai a ganina ba shi ne zai sa ka ninka kuɗinka ba. Jirgi ba tsuntsu ba ne, ka san inda zai bi. Tsofaffin masu hoto kan saita gani a kan wani wuri na dogo su jira ya iso, kuma har gobe dabarar na aiki. Ita kuwa mai cikakken sensa, wato wadda farantin da ke kama haske a cikinta ya fi girma, amfaninta ya fi bayyana a cikin rumfar gyaran jirage ko da magariba. Idan ba nan ka nufa ba, nauyi da tsada kawai ka ƙara wa kanka.

Gilashi ne wurin da ya cancanci ka buɗe bakin aljihu, kuma inda za ka je ne zai zaɓa maka. A Darjeeling, layin da aka buɗe a 1881 mai faɗin ƙafa biyu kacal, jirgi na wucewa dab da rumfunan 'yan kasuwa, ba ka da wurin ja da baya. Dogon gilashi a nan kaya ne kawai, mai faɗin gani kake so, irin mai milimita 18 zuwa 55 da ake haɗawa da kyamara (ƙaramar lamba faɗin gani ce, babba kuma janyo nesa). A gadar Glenfinnan ta Sikotlan mai baka 21, inda jirgin Jacobite ke bi daga Fort William zuwa Mallaig, daga kan tudu ake ɗauka, kuma matsakaici irin 24 zuwa 105 zai kama gadar da jirgin da duwatsu. A tsaunukan Harz na Jamus, inda jiragen tururi ke hawa dutsen Brocken daga garin Wernigerode, kana son 70 zuwa 200 don ka tsinto kan jirgi daga nesa yana kokawa da hawa. A hawa ne injin ke aiki da gaske, a nan ne hayaki ke tashi kamar rumbu. A gangara kuwa sai ka ga jirgi ya zo salin-alin.

A kan 70 zuwa 200 ɗin ma akwai zaɓi, gwargwadon lambar f, wadda ke nuna girman ƙofar haske: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Na Canon mai f/4 bai fi giram 700 da 'yan kai ba, mai f/2.8 kuma ya kusa kilo ɗaya da rabi, ga tsada. Tun da yawancin hoton jirgi da rana a wajen f/8 ake ɗaukarsa, don kai da taragai su fito tar, me za ka yi da babban? Ka tambayi wuyanka bayan ka hau tudu da shi. Wanda zai sayi gilashi ɗaya tak, ya nemi 18 zuwa 135 ko 18 zuwa 140. Bai kai sauran kaifi ba, amma ya raba ka da sauya gilashi a wurin da toka da ɓurɓushin kwal ke zubowa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ɓurɓushin na karce gilashi idan ka goge da bakin riga. Ka sa filta marar launi a gaba, ka riƙe ɗan abin hura iska a jaka.

Sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku ba dole ba ce sai ga mai bidiyo ko hoton dare. Batir na biyu kuwa dole ne, saboda lokacin sanyi ya kamata ka je. Tururi ba ya fitowa fari mai kauri sai ya haɗu da iska mai sanyi, shi ya sa jirgin da ya yi kama da hadari a Janairu zai wuce ka a Yuli kamar ba ya numfashi. Sanyi kuma na shanye batir, don haka ka ajiye na biyun a aljihun ciki, jikinka na ɗumama shi.

Dogon gilashi na da wani amfanin da ba a rubuta a kwalinsa ba: yana hana ka tsallake shinge. A Fabrairun 2016, ranar da Flying Scotsman ya dawo aiki daga Landan zuwa York bayan gyaran shekara goma, sai da aka tsayar da shi kusa da St Neots saboda masu hoto sun hau kan layi. A Birtaniya tarar shiga layin dogo ba izini na iya kaiwa fam 1,000, kuɗin da zai saya maka D7200 ta hannu har da gilashinta.